Shafi Ɗaya Don Taron 'Yan Ajinmu

Zuwa ga taubashiyata Sista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanki da matarsa da jikoki. Ya gwiwa? Mu nan sai godiya. 'Yata Auta tana gaishe ki.

Na kira ki a waya har na gaji. Ina cewa "taro", kina cewa "wa ke tari?" Shi ya sa na koma takarda kamar zamanin da muke ɗalibai.

Maganar ita ce, bana shekararmu arba'in da fita daga makarantar koyon aikin nas. 'Yan ajinmu sun yanke shawarar a haɗu a tsohon ɗakin taro na makarantar nan da wata uku. Suka duba suka rasa wanda za su ɗora wa wahala sai ni, wai ni ne sakatare. Za a buga ɗan littafi, kowa ya rubuta shafi ɗaya: inda ya yi aiki, abin da ya gani, da inda rayuwa ta kai shi. Dogo ya aiko da shafi biyar, uku duk labarin gonarsa ne. Mai-gemu ya aiko da hoto kawai, ya ce fuskarsa ta isa bayani. Naki nake jira.

Kada ki ce mini nisa. Tun da kika yi ritaya kika bi ɗanki can ƙarshen duniya, ƙafarki ta ɗauke daga nan. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, kuma tun da kakana ne babba, umarni nake ba ki, ba roƙo ba.

Ni dai da an gama wannan taron zan ajiye komai. Likita ma haka ya ce.

Yayanki,
Sakatare

*

Zuwa ga Sakatare,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu, saboda rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, da safe sai na lallashe ta kafin ta yarda mu tashi. Matar ɗana tana da tsohon ciki, ni ce mai kai yara makaranta. Ka gaishe mini da Auta.

Da farko, ka daina rubuta "yayanki". Na girme ka da wata huɗu, kowa a dangi ya sani.

Ga shafina:

"Na gama makaranta. Aka tura ni ɗakin yara na babban asibiti. Na yi aure, na haifi uku, biyu suna raye. Maigidana ya rasu. Na yi ritaya daga ɗakin yara."

In ya yi kaɗan, ka cike sauran wurin da gonar Dogo.

Zuwa kam ba zan samu ba. Ga haihuwa tana tafe, ga doguwar tafiya a mota. Kuma me zan je in ce? Wannan ta zama shugabar nas-nas ta ƙasa baki ɗaya, wancan ya yi aiki a ƙasashen waje, waccan ta buɗe asibitin kanta. Ni ƙofar da na shiga ina budurwa, ta ita na fito da furfura. A yi taro lafiya, ka aiko mini da littafin.

Batun za ka ajiye komai kuwa, na yi dariya. Tun muna aji ɗaya kake ajiye muƙami. Ka ajiye shugabancin ɗakin kwana sau nawa? Ranar da aka gama wannan taron za ka fara shirya na gaba. Likitan da ya ce ka huta bai san ka ba ne.

Yayarka,
Sista

*

Zuwa ga Sista,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sauki matar ɗanki lafiya. Jikina da sauƙi, sai dai abinci da ba ya shiga sosai, wanduna duk sun yi mini yawa.

Na karanta shafinki a gaban kwamiti. Mai-gemu ya ce ko takardar sallamar mara lafiya ta fi wannan tsawo. Ba zan buga shi haka ba.

Ina ranar da aka fara kai mu ɗakin masu haɗari, na ga jini na zube ƙasa, kika ja ni ta ƙafa har baranda don kada malama ta gani? Ni da na ƙare a ɗakin tiyata shekara talatin, da ba ki ja ƙafar nan ba da tuni an kore ni. Ina shekarar ƙyanda, da aka kwantar da yara bibbiyu a gado, wasu a ƙasa, kika yi makonni ba ki ga ɗakinki da rana ba? Ina Auta? An haife ta bakwaini, kamar ɗan bera, uwarta tana kwance ba ta san inda take ba, kwalbar jarirai kuma duk a cike. Ke kika ɗaure ta a ƙirjinki cikin yunifom kina zagaya marasa lafiya da ita, kina ɗiga mata nono da sirinji. Yau ga ta nan ta fi ni tsawo, tana yi mini faɗa a kan gishiri. Duk wannan kin haɗa kin ce "aka tura ni ɗakin yara".

Kin ɓoye kanki da yawa, taubashiya. Ki zo. Mu ma'aikatan jinya ne, mun san yadda jiki yake yi idan ya fara sallama. Ba kowa ne a cikinmu zai ga wani taron ba, kuma ina so mu zauna ni da ke tun da sauran dama.

Sakatare

*

Sakatare,

Muna lafiya. An sauka, an samu mace, uwa da jaririya suna cikin ƙoshin lafiya.

Na ga saƙonka. Wato don kunnena ya toshe, gwiwata ta ƙi, har ka fara auna mini kabari? Jikina bai yi sallama da kowa ba. Jiya ni na wanke kayan jaririya, na shanya, na kwashe. In tausayina kuke ji a kwamitinku, ku riƙe abinku.

Tun da kana son dalili, ga shi. Ba nisa ba ne, ba kuma haihuwa ba. A cikin taro ba na jin komai. Mutum ɗaya a ɗaki, yana fuskantata, muna hira lafiya lau. Amma a tara mutum hamsin, sai in koma kamar wadda aka tura kanta cikin randa. Ana dariya ina dariya, ban san me aka ce ba. A bikin jikar maƙwabciyarmu wata ta ce mini mijinta ya rasu, na ce mata madalla. Ba zan je in yi wannan a gaban mutanen da suka san ni da kaifin kunne ba.

Ka tuna ni ce nake tsayawa a bakin ƙofa in ce yaron gado na ƙarshe numfashinsa ya canza. Wata safiya na ɗora abin sauraren ƙirji a kan wani jariri, na ji shiru. Na ɗaga ido, ga yaro yana kallona yana wutsil-wutsil da ƙafa. Na miƙa wa ɗalibar da ke bayana, ta saurara, ta ce, "Sista, lafiya lau yake bugawa." A makon nan na nemi ritaya. Ba wanda ya kore ni, ni na san lokaci ya yi.

Sau uku ana ba ni ofis da kujera mai juyawa ina ƙi, don ba na son aikin da ba a taɓa mutum. Ban yi nadama ba. Na rufe idon yara da yawa, na kuma ga da yawa sun tashi sun tafi da ƙafarsu. Har yau a kasuwa wani ƙato mai gemu zai durƙusa ya gaishe ni, uwarsa ta ce, "Ita ce ta samo maka jijiya ranar da kowa ya kasa." In kana so ka buga wannan, ka buga. Amma kada ka sake yi mini maganar wanda zai ga wani taro da wanda ba zai gani ba. Wannan ba wasan taubasai ba ne.

Sista

*

Sakatare,

Gaisuwa. Jaririya ta fara murmushi, gwiwa tana nan.

Yau fiye da wata guda ban ji daga gare ka ba. Na sa ɗana ya kira wayarka, a kashe. In fushi kake yi, to ya isa haka, tsufa ya kama mu. Na san bakina ya yi zafi a waccan takardar, amma kai ka fara. Ka rubuto ko layi biyu ne, in san shafin ya yi ko bai yi ba.

Yayarka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina fatan kina lafiya, da Yaya da iyalinsa. Barka da samun ƙaruwa. Ni ce Auta.

Takardunki biyu suna hannuna. Ta farkon ta iso ranar da aka kwantar da Baba, ta biyun jiya. Ba fushi yake yi ba. An yi masa aiki a ciki. Ya daɗe yana fama, ya hana ni faɗa wa kowa, ya ce sai an gama taro. Na karanta masa ta farkon a gadon asibiti, ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi. Ya ce, "Ita da kunne ne ya toshe, ashe har da ido. Kaina nake nufi."

Gwaggo, abin da ya sa na rubuto, Baba ya gagare mu. A tsohon asibitinku yake, ɗakin maza na sama, kuma kusan duk nas-nas ɗin da ke wurin shi ya koyar da su. Ya ƙi yarda ko ɗaya ta goge masa jiki ko ta juya shi. In sun zo da ruwa sai ya ja bargo har wuya ya ce, "Je ki, 'yata, na gode." Namijin nas ɗaya ne a ɗakin, shi ma Baba ya ce yaron jiya ne. Ni kuma ya ce ba zan ga tsiraicinsa ba yana da rai. Yanzu bayansa ya fara ja, wajen ƙugu fata ta fara saɓulewa. Abinci cokali biyu ne ya kau da kai. Da likita ya yi magana sai ya gyara masa lissafin magani.

Takardun taron suna ƙarƙashin matashinsa, yana ta gyara da jan biro. Saura mako uku, ya ce ko a kan gadon nan ne sai an tura shi.

Ban san yadda zan yi ba. Maganarki kaɗai na san yana tsoro.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Na samu takardarki. Na koma na karanta wasiƙun ubanki tun daga ta farko. Ya faɗa mini sau biyu, ni ce ban ji ba.

Kafin in iso, ga abin da za ki yi. Ki samo matasan kai masu laushi guda uku, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a baya, ɗaya ƙarƙashin ƙafa yadda diddige ba zai taɓa katifa ba. Zanen gado ya zama a miƙe, ba tattara, ba danshi. Kada ki murza wurin da ya yi ja. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kuma kada ki tsaya a kansa kina kallon cokali, ki ci naki a gefensa kina hira.

Ki duba cikin takardun da ke ƙarƙashin matashin, za ki ga lambar Dogo da ta Mai-gemu. Ki kira su ki ce Sista ta ce su zo asibiti da tawul da sabulu. Kada ki nemi izinin ubanki.

Ina tafe a motar farko da ɗana zai samo mini. Ki ce masa yayarsa tana zuwa, ya gyara bakinsa.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Sista,

Gaisuwa. Ina fatan kin isa gida lafiya, gwiwa ba ta kumbura a mota ba. Bayana ya kusa warkewa. Dogo da Mai-gemu suna zuwa kullum, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Hannun Dogo kamar na mai faskare, amma ba na iya korarsa, tare muka koyi wankan mara lafiya a jikin mutum-mutumin roba. Ranar farko da suka shigo da bokiti na ce su fita, Mai-gemu ya ce, "Rufe mana baki, mun ga abin da ya fi naka muni." Kina bayan labule kina ba da umarni kamar ba ki taɓa ritaya ba.

Ba ki ji abin da aka yi a taro ba, don haka bari in faɗa miki. Lokacin da kika turo ni a keken marasa lafiya cikin ɗakin, aka tashi tsaye, kin ɗauka ni ake yi wa. Rabi nawa ne, rabi naki. Da shugabar nas-nas ta karanta shafinki, ta kai wajen jaririn da ke wutsil-wutsil, sai ta dakata. Ta cire gilashi ta ce ita ma hannunta ne ya fara rawa, shekara biyu ke nan ba ta iya riƙe allura, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Daga nan aka ɓalle. Wannan ido, wancan suga, waccan mantuwa. Kina zaune kina gyaɗa kai, Auta tana rubuta miki a bayan takardar shiri, amma hannunta bai kai saurin bakinsu ba.

Yanzu ga ainihin maganar. Na yi shekara talatin ina miƙa wa likitoci almakashi. Na san abin da ake nufi idan aka buɗe ciki aka rufe da wuri. Na tsare likitan, yaron kirki ne, ya faɗa mini gaskiya. Ciwon ya bazu har hanta, ba sauran abin yankewa. Ke ma na ga idonki ranar da kika karanta katin da ke jikin gadona, ba ki ce komai ba, na gode.

Auta ba ta sani ba. Kullum tana maganar wani babban asibiti mai nisa, wai za a sake aiki a can. Ina ce mata to. Ba na son zuwa, Sista. Ina so in koma ɗakina, in ga bishiyar tsakar gidana, a ba ni maganin ciwo, jikoki su yi ta hayaniya a kaina. Na faɗa wa iyalan mutane irin wannan magana ba adadi, amma na kasa faɗa wa 'yata. Ki rubuta mata. Ke za ta ji.

Ƙaninki, tun da kin dage,
Sakatare

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, direban ya yi hankali. Ina fatan kuna lafiya, ya mai jego da 'yar jaririyata? Ka ce wa matarka ta daina ɗora wa yarinyar nan kaya uku, zafi ake yi.

Ka tambaye ni me ya sa zan sake wannan tafiyar ban ko huta ba, na ce maka sai na je. Kawunka ne ya roƙe ni in rubuta wa Auta cewa ciwonsa ba na tashi ba ne. Irin wannan magana ba a aika ta a takarda. Kuma ba ni ya kamata in faɗa ba.

Da na isa, na sa aka ja labule, na zaunar da Auta a bakin gado, ni na ja kujera kusa yadda zan ga bakinsu duka biyu. Na ce masa, "Ga ta nan. Kai za ka fara, in ka kasa in ƙarasa."

Ya yi ta gyaran murya. Can ya ce, "Auta, asibitin nan da kike faɗa, a bar shi. Ba abin da za su yi mini a can."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Baba, ka sani?"

Ya ce, "Ni da na tsufa a ɗakin tiyata?"

Ta ce, "Likita ya faɗa mini tun ranar da aka yi aikin. Ban nemi wani asibiti ba, faɗa kawai nake yi don hankalinka ya kwanta. Na ga kana cewa to, na ɗauka shi ke riƙe da kai."

Ya ce, "Ni kuma na ɗauka ke yake riƙewa."

Sai ta kifa kai a kan hannunsa, ya ɗora ɗayan a kanta. Na tashi na fita baranda na ba su wuri. Wata ƙaramar nas ta kawo mini kujera, ta ce wai ni na karɓi ƙanenta lokacin da ya ƙone da ruwan zafi. Ban tuna ba, amma na zauna.

Shekaranjiya aka sallame shi. A ɗakinsa mun sa gadonsa kusa da taga. Likita ya rubuta maganin ciwo mai ƙarfi, ni nake ba shi a kan lokaci. Dogo da Mai-gemu suna zuwa wanka, sauran 'yan ajinmu da ke kusa suna leƙowa ɗaya-ɗaya, wanda ya fi mini, don ta haka nake jin abin da kowa ke cewa. Jiya ya ci abinci fiye da yadda ya ci a mako guda, ya kuma yi wa Dogo faɗa a kan yadda ya naɗe zanen gado.

Ka aiko mini da maganin gwiwata da ke kan taga, da baƙin takalmina mara tudu, da batirin abin kunnen da ka saya mini na ƙi sawa. Yanzu ina sa shi, muryarsa ta yi ƙasa sosai. Yara kuma ka nemi wanda zai riƙa kai su makaranta.

Kada ka tambaye ni ranar dawowa. Zan dawo idan aikin ya ƙare. Ba na gaggawa, shi ma na ce masa kada ya yi.

Mahaifiyarka